Fim ɗin zullumi da rassansa: zai yiwu da Hausa a Kano?

Tambaya: Ni marubuciya ce a Gwammaja, na saba rubuta littattafan soyayya ina sakawa a waya. Wani furodusa ya nemi in rubuta masa labarin fim irin wanda Turawa ke kira tirila, ni kuma na kasa gane inda ya rabu da fim ɗin ban tsoro, da na faɗa, da na binciken kisa. Ga shi kuma ina ganin ana raba shi gida-gida: na siyasa, na ƙwaƙwalwa, na kotu, har da na barkwanci. Malam, duk abu ɗaya ne? Kuma anya zai yiwu da Hausa a nan Kano, da ɗan kuɗin da ake zubawa a finafinanmu, ga kuma hukumar tace finafinai?

Amsa: Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Abin da ya hana ki kama bakin zaren shi ne kina neman bambancin a cikin labari, alhali ba can yake ba. Kisan kai, sata, cin amana, garkuwa da mutum, ana samun su a kowane irin fim, har a na soyayyar da kika saba. Abin da ke mai da fim ya zama tirila, wato na zullumi, shi ne yadda marubuci ya raba sani tsakanin mai kallo da mutanen cikin fim: wa ya san me, kuma yaushe ya sani. Sai wa'adi, wato wani mugun abu da ke tafe, lokacinsa kuma yana ƙaratowa. Idan waɗannan biyun suka haɗu a kan mutumin da mai kallo ya damu da shi, an samu fim ɗin zullumi ko da ba a harba bindiga sau ɗaya ba. Shi ya sa kike ganin sa a gidaje da yawa. Kamar daddawa yake, da miyar kuka da ta kuɓewa da taushe duk tana shiga, amma ba a dafa ta ita kaɗai a ce an yi miya.

Wanda ya fi kowa fayyace wannan shi ne Alfred Hitchcock, daraktan da aka haifa a Ingila a 1899, ya koma Amurka da aiki a 1939, ya mutu a 1980. A hirar da daraktan Faransa François Truffaut ya yi da shi a 1962, wadda ta fito a littafi a 1966, ya ba da misalin mutum biyu da ke zaune suna hira a gaban tebur. Idan bam ya tashi a ƙarƙashin teburin ba zato ba tsammani, mai kallo zai firgita na daƙiƙa 15, shi ke nan. Amma idan an nuna masa sa'ad da aka ɗana bam ɗin, ya san ƙarfe ɗaya zai tashi, ga agogo a bango yana nuna ɗaya saura kwata, to hirar banzar da suke yi ta zama abin da ba zai iya ɗauke ido daga kanta ba, har ya ji kamar ya daka musu tsawa su tashi. An sayi minti 15 na faɗuwar gaba da kuɗin da a da zai sayi daƙiƙa 15 na razana.

Mu a Kano misalin bam ba abin raha ba ne, mun ga na gaske. Bari in kawo miki wanda ya fi kusa da alƙalaminki. Mai kallo ya ga uwargida ta zuba wani abu a kofin kunun da za a kai wa amarya. An ajiye kofin a kan faranti a tsakar ɗaki. Kafin amarya ta ɗauka sai ga sallama, surukarta ce ta zo, riƙe da hannun wani ƙaramin jikanta da ya kwana a wurinta. Amarya ta durƙusa, aka shiga gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya baƙunta, ya mutanen gida, ya mai jiki. A fim ɗin da aka saba, edita zai so ya datse wannan gaisuwar don tana cin lokaci. A nan kuwa ita ce fim ɗin. Duk "lafiya lau" ɗin da aka faɗa, idon mai kallo na kan kofi. Sai amarya, saboda kara, ta tura farantin gaban surukar ta ce, "Hajiya, ga kunu." Hajiya ta ce ai yau Alhamis, tana azumi, a ba yaro. Uwargida na tsaye a bakin ƙofa, yaron kuma ɗanta ne na cikinta. In ta yi magana ta tona kanta a gaban uwar miji, in ta yi shiru ta kashe ɗanta. Ɗaki ɗaya, mutum huɗu, kofi ɗaya, ba ki jawo wa furodusa kashe ko sisi ba. Ba cewa nake ki sake rubuta mana labarin kishiya da guba ba, an ƙoshi da shi. So nake ki ga cewa gaisuwa mai tsawo, da kara, da kunyar suruka, abubuwan da ake cewa suna jan finafinanmu ƙasa, su ne kayan aikin da marubucin Amurka ba shi da su. Shi sai ya ƙirƙiro dalilin da zai hana mutum faɗin abin da ya sani. Ke al'ada ta riga ta ba ki.

Kuma ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Ki tuna yadda Abubakar Imam ya gina littafi na farko na Magana Jari Ce a 1937. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya haɗa baki da abokan gaba, Musa ɗan sarki ya matsu ya fita, aku kuma yana tsare shi da labari dare bayan dare har gari ya waye. Mai karatu ya san abin da ke jiran Musa a waje, shi Musa bai sani ba, kowace asuba kuma wa'adi ne da aka tsallake da ƙyar.

Yanzu bambancin da kika tambaya zai yi sauƙi. Fim ɗin binciken kisa baya yake kallo. An riga an yi ɓarnar, ga gawa, ga mutum shida da ake zargi, tambayar ita ce wane ne. Kan mai kallo ke aiki, yana lissafi yana canki-canka. Fim ɗin zullumi gaba yake kallo, ɓarnar ba ta auku ba tukuna ko kuma za a sake ta, tambayar ita ce za a tsira ko ba za a tsira ba, kuma sau da yawa an san mugun tun farko. Na ban tsoro shi burinsa ki ga abin da zai sa ki rufe ido, jini ko fatalwa ko wata halitta. Na faɗa kuwa, duk wanda ya yi zamanin kallo a Plaza ko Orion ko Marhaba ya san dokarsa: jarumi ba ya mutuwa, kuma ya fi ƙarfin yaran bos komai yawansu. Abin kallo shi ne yadda zai lallasa su. A fim ɗin zullumi dole abin da ke bin jarumi ya fi shi ƙarfi, ko ya fi shi sani, ko ya fi shi daɗin baki a wurin hukuma. Da zarar jarumarki ta zama wadda ba abin da ya isa ya taɓa ta, kin fita daga wannan nau'in.

Rassan kuma, abin da ke raba su shi ne inda haɗarin ke fitowa.

Reshen da zan fi ba ki shawara a kai shi ne wanda kika kira na ƙwaƙwalwa, domin ƙofarsa a jikin ta soyayya take. A nan haɗarin na cikin gida ne, ko cikin zuciyar wanda ake so, ko cikin kan jarumar kanta. Fim ɗin Hitchcock na farko a Amurka, Rebecca na 1940, wanda ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau, labarin wata yarinya ce marar gata da ta auri attajirin da matarsa ta mutu. Ta tare a katafaren gida inda komai na marigayiyar ke nan yadda ta bar shi, ga kuma shugabar ma'aikatan gidan da har yanzu uwar ɗakinta ta farko take bauta wa, kullum tana nuna wa amarya cewa ba ta kai ba. Ba a taɓa nuna fuskar marigayiyar ba har fim ya ƙare, amma ita ke mulkin kowane ɗaki. Ki faɗa mini wace mace ce a Kano ba za ta gane wannan gidan ba. Sai Gaslight na 1944, inda miji ke ɓoye kayan matarsa ya ce ita ta ɓatar, fitilun gida su dushe da dare ya ce idonta ne, har ta fara yarda cewa hankalinta ya taɓu. A irin wannan, makamin mugu shi ne amanar da aka ba shi, kuma babban tashin hankalin jaruma shi ne ba wanda zai yarda da ita. Ki kawo shi gidanmu: matar da ta je gida ta kai ƙara aka ce ta yi haƙuri ta koma, mijin kuma mutumin kirki ne a idon unguwa, sahun farko a masallaci. Indiyawa sun shiga wannan reshen ta ƙofar so mai kama da hauka, kamar Darr na 1993 da Yash Chopra ya ba da umarni, inda Shah Rukh Khan ya fito a masoyin da ya zame wa yarinya bala'i.

Psycho na 1960 yana kan iyaka tsakanin wannan reshen da fim ɗin ban tsoro, kuma akwai darasi ɗaya a cikinsa da ya shafi rubutu. An sa mai kallo ya bi wata mata da ta gudu da dala 40,000 na wurin aikinta, ya ɗauka ita ce jaruma, sai aka kashe ta kafin fim ya kai rabi. Daga nan ba wanda ya ƙara sakin jiki, tunda an nuna masa cewa a wannan fim ɗin kowa na iya mutuwa. Hitchcock har sharaɗi ya kafa wa gidajen sinima kada a bar kowa ya shiga bayan an fara.

Reshen laifi shi ne ya fi yawa, kuma tsoho ne. Tun 1931 Fritz Lang ya yi M a Jamus, labarin mai kashe yara da ya addabi gari har 'yan sanda suka hana ɓarayi sakat da samame, ɓarayin da mabarata suka ga gara su kamo shi da kansu. Wani makaho mai sayar da balan-balan ne ya gane shi ta fito da yake yi da baki. Amma misalin da na san kin gani, ko da fassarar Hausa ce, shi ne Drishyam, wanda aka fara yi da harshen Malayalam a 2013, aka sake shi da Hindi a 2015 da Ajay Devgn da Tabu. Ki lura da yadda aka kifar da tsarin binciken kisa. Mun san wanda ya mutu, mun san a hannun wa ya mutu, mun san dalili. Yaron ɗan babbar jami'ar 'yan sanda ne, uban gidan da abin ya faru kuma mutum ne da bai wuce aji huɗu na firamare ba, iliminsa duk daga kallon finafinai ya samo shi. Sai ga mai kallo yana addu'ar kada 'yan sanda su gano gaskiya. Duk tambayar da aka yi wa ƙaramar 'yarsa, gabanmu ke faɗuwa, don mun san abin da take ɓoyewa. Babu kisa na biyu, babu tseren motoci, rasiɗai ne da tikitin bas da kwanan wata. Idan marubuci ya iya sa mutanen kirki su goyi bayan mai rufa-rufa na tsawon fim, ya san aikinsa.

Na siyasa ya yi tashe a Amurka bayan kisan Shugaba Kennedy a 1963 da badaƙalar Watergate da ta sa Nixon ya sauka a 1974, lokacin da mutane suka daina amincewa da gwamnatinsu. A nan mugun ba mutum ɗaya ba ne da za a kama a huta, tsari ne, kuma wanda za ki kai wa ƙara yana iya zama ɗan ciki. All the President's Men na 1976 'yan jarida biyu ne na Washington Post suna buga waya suna ƙwanƙwasa ƙofofi, amma ya fi finafinan harbe-harbe da yawa tsinka zuciya. Wani abin mamaki a wannan reshen shi ne sanin ƙarshe ba ya kashe shi. The Day of the Jackal na 1973 labarin wanda aka yi haya ya kashe Shugaban Faransa de Gaulle ne, alhali duk duniya ta san de Gaulle a gidansa ya mutu a 1970. Duk da haka ana zama a bi maharbin yana haɗa fasfo na bogi da bindigarsa, ana jiran a ga inda zai yi tuntuɓe.

A gida Najeriya akwai biyu da ya kamata ki nema. '76 na Izu Ojukwu, wanda ya fito a 2016, ya ɗauki yunƙurin juyin mulkin 13 ga Fabrairu 1976 da aka kashe Janar Murtala Muhammad, amma bai bi manyan ba. Wani ƙaramin hafsa ya bi, wanda aka shafa wa kashin kaji, da matarsa mai tsohon ciki. Wannan dabara ce mai kyau: babban tarihi, ƙaramin mutum. Sai October 1 na Kunle Afolayan a 2014, inda marigayi Sadiq Daba ya fito a Sufeto Danladi Waziri, ɗan sandan Arewa da Turawa suka tura wani gari a ƙasar Yarbawa ya gano mai kashe 'yan mata kafin ranar 1 ga Oktoba 1960. Ga binciken kisa, ga wa'adi da ba ya ɗaguwa, ga siyasar ƙabilanci da ta mulkin mallaka, duk a tukunya ɗaya. A ganina ya ɗan yi tsawo, kuma ana gane mai laifin da wuri, amma wannan bai kashe shi ba, don tambayar ta koma ko za a bar Waziri ya faɗi abin da ya gano. A namu na Hausa, Kwana Casa'in na Arewa24 ya nuna cewa masu kallonmu za su zauna wa makircin siyasa mako bayan mako, ba sai an haɗa musu da rawa ba.

Reshen da ke haɗuwa da aljanu da tsafi shi ne wanda masu shirya finafinanmu suka fi saurin faɗawa, kuma shi ne suka fi ɓatawa. Matsalar ita ce zullumi yana buƙatar doka. Dole mai kallo ya san abin da mugun zai iya da wanda ba zai iya ba. Idan aljani na iya ɓullowa ko'ina ya yi komai, malam kuma na iya zuwa a fitowar ƙarshe ya tofa addu'a komai ya warware, to babu abin lissafi, sai jiran mai ruƙiyya kawai. Waɗanda suka yi nasara a nan shakka suka riƙe: aljani ne, ko ciwo ne, ko wani ne ke shirya abin? Labarin da aka fara da Malayalam a 1993, aka sake shi da Tamil a 2005 da sunan Chandramukhi, aka kuma yi shi da Hindi a 2007 da sunan Bhool Bhulaiyaa, a kan wannan shakkar ya tsaya, tsakanin mai tsubbu da likitan ƙwaƙwalwa. A garin da iyali ɗaya za su rabu biyu, wasu su ce a kai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau wasu su ce a kira malam, ba sai na gaya miki akwai labari a nan ba.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Na kotu wa'adinsa ranar yanke hukunci ce, makaminsa shaida. Na leƙen asiri tambayarsa wa ke yi wa wa aiki. Na asibiti ko annoba muna da misalinsa a 93 Days na 2016, kan shigowar cutar Ebola Legas a 2014 da likitar da ta hana majinyacin fita, Dokta Stella Adadevoh. Wanda ya haɗu da faɗa, mafi tsabtar misalinsa Speed na 1994: motar bas da za ta tashi idan gudunta ya sauko ƙasa da mil 50 a awa. Akwai wanda ake haɗawa da batsa, ya yi kasuwa a Amurka a shekarun 1980 da 1990, wannan ba hanyarmu ba ce. Na barkwanci kuwa kada ki raina shi, dariya da faɗuwar gaba maƙwabta ne. A Andhadhun na 2018 makaɗin piyano ne da ke ƙaryar makanta, ya shiga wani gida yin kiɗa ya tarar da gawa a ƙasa, dole ya ci gaba da kiɗansa kamar bai ga komai ba. Parasite na Koriya ta Kudu, wanda a 2020 ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci Oscar ta fim mafi kyau, da barkwanci ya fara kafin ya rikiɗe.

Batun kuɗi, wannan nau'in ya fi kowane tausayin aljihu. Rope na 1948 a falo ɗaya aka yi shi: gawa na cikin akwati, an shimfiɗa abincin baƙi a kan akwatin, cikin baƙin har da uban mamacin. A Denmark a 2018 an yi The Guilty, ɗan sanda ne zaune a ɗakin amsa kiran gaggawa, duk abin da ke faruwa ta waya ake jin sa. Ko Jaws na 1975, kifin roba da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwa, dole darakta Spielberg ya rage nuna shi, sai kiɗa da motsin ruwa suka yi aikin, fim ɗin ya fi ban tsoro a haka. Kano cike take da irin waɗannan wuraren da wa'adinsu: lungun cikin Birni da mota ba ta shiga, zauren da baƙo ba ya wucewa, rumfa a Kwari bayan an tashi kasuwa, ɗaurin aure bayan sallar Juma'a da wani ke tsere ya isa kafin a shafa fatiha, waya mai sauran caji kaɗan ga shi an ɗauke wuta, ɗan adaidaita sahu da fasinja ya manta jaka a bayansa.

Hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ba ita ce za ta hana ki ba. Mafi yawan finafinan Hitchcock na Amurka an yi su ne ƙarƙashin dokar tacewa mai tsanani da aka tsaurara daga 1934 har aka yi watsi da ita a 1968, wadda ta taƙaita nuna tsiraici da zubar da jini, ta kuma hana mai laifi ya ci riba. Takurar ce ta koya musu nuna inuwa a madadin wuƙa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Iran, inda mace ba ta fitowa ba lulluɓi, namiji kuma ba ya taɓa ta. A cikin wannan iyakar Asghar Farhadi ya yi A Separation a 2011, ya ci Oscar. Magidanci ya ture 'yar aikin da ke jinyar mahaifinsa ta fita daga ƙofa, cikinta ya zube, aka tafi gaban alƙali. Shari'ar duk ta rataya a kan abu ɗaya: ya san tana da ciki ko bai sani ba? Kowa a fim ɗin na da ɗan abin da yake ɓoyewa, har 'yarsa ƙarama. Da aka zo sulhu za a biya diyya, sai ya ce ta dafa Alƙur'ani ta rantse cewa shi ne sanadi. Matar na cikin bashi iya wuya, kuɗin na gabanta, amma tana da shakka a ranta, ta kasa. Ban san wata fitowar tseren mota da ta kai wannan tsayar da numfashi ba, kuma kowane Bakano ya san nauyin wannan rantsuwar ba sai an yi masa bayani ba.

Abin da zai hana ki halayenmu ne na rubutu. Na farko yawan bayani. Muguwa ta zauna ita kaɗai a ɗaki tana faɗa da ƙarfi, "Wallahi sai na ga bayanta," sannan ta je ta maimaita wa ƙawarta, sannan ƙawar ta maimaita wa boka. Nuna hannunta yana ɓoye ƙullin magani a ƙarƙashin katifa ya wadatar, sauran ki bar wa mai kallo. Na biyu kiɗan da ake shimfiɗawa tun daga farko har ƙarshe, wanda ke sanar da haɗari kafin ya zo. Wannan aikin edita ne, amma ki rubuta a takarda inda kike son shiru, in ba haka ba za a cika miki shi. Na uku ƙarshen da ke faɗowa daga sama: mugu ya yi hatsarin mota, ko ya haukace ya tona kansa, ko ya yi ikirari a gadon asibiti. Mun yarda da ƙaddara, amma a fim ɗin zullumi mai kallo ya zuba hankalinsa ne a kan dabarar jaruma, idan tirela ta zo ta gama mata aikin zai ji an cuce shi. Duk abin da zai cece ta a ƙarshe, ki ajiye shi a idon mai kallo tun farko, yadda zai gan shi bai kula ba.

Waƙa kuma, furodusa zai nema, ki shirya. Yash Chopra ya yi Ittefaq a 1969 ba waƙa ko ɗaya, a zamanin da hakan ganganci ne a Indiya, don ya san za ta sassauta igiyar. In dole ce, ki sa ta zama wa'adi. A The Man Who Knew Too Much na 1956 an shirya harbe wani shugaba a zauren kiɗa na Royal Albert Hall a Landan daidai lokacin da za a buga faranti mai ƙara, mai kallo ya sani, aka yi mintuna ana kiɗa ba a jin maganar kowa. Waƙar kamu ko ta dina za ta iya yin wannan aikin idan mun san abin da zai faru kafin a gama ta. Wadda ba za ta yiwu ba ita ce a bar jaruma a ɗaure a kango a tafi lambu ana rawa.

In shiri mai dogon zango ne na YouTube, haɗarin ya ninka, domin ana son a ja shi. Sirri ɗaya ba zai ɗauki zango biyar ba. Ki bar shi ya tonu a kan lokaci, tonuwar ta haifi sabuwar matsala da ta fi ta farko. Kuma kafin ki rubuta 'yan sanda da kotu, ki je ki zauna a kotun majistare ki ji yadda ake magana, ki tambayi lauya yadda fayil ɗin kisa ke tashi daga ofishin 'yan sanda na unguwa zuwa hedikwatarsu da ke Bompai, da kotun da ke da hurumin sauraronsa. Masu kallon yanzu sun ga finafinan Koriya da na Indiya a wayoyinsu, suna gane sufeton da bai san aikinsa ba.

Wajen zama rubutu, ki ja layi uku a gefen kowace fitowa: abin da mai kallo ya sani, abin da jaruma ta sani, abin da mugu ya sani. Duk fitowar da layukan uku suka zo daidai, ki duba ta da kyau, wataƙila ba ta da aiki. Sannan ki koma wurin furodusan ki tambaye shi finafinai biyu ko uku da yake da su a rai, domin da yawa a Zoo Road, matattarar masu shirya fim, idan suka ce tirila, bindigogi da tseren motoci suke nufi. Gara ku daidaita a kan wannan, da adadin lokeshin da yawan 'yan wasan da kuɗinsa zai ɗauka, kafin ki rubuta shafi na farko.